Littafi ya koma cikin waya: wace manhaja ce ta dace da mai karatu a Babura?

A shekarun baya, duk mai son littafi a Babura sautu yake bayarwa. A ba direban da zai shiga Kano kuɗi da 'yar takarda, ya tsaya Sabon Gari in na boko ne ko na hikaya, ya kutsa Kurmi in na addini ne. Matan gida kuwa haya suke karɓa. Yaro ya kai 'yan kuɗi shago ya karɓo na ɗaya, gobe ya mayar ya karɓo na biyu, littafi ya zaga gida biyar kafin bangonsa ya rabu da shi. Ta haka irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu suka shiga lunguna a farkon shekarun 1990.

Yau yawancin wannan karatu ya tattara ya koma cikin waya. Babura kanta ta zama garin ɗalibai tun da gwamnatin tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a garin a 2021, ga makarantar koyon aikin ungozoma ta jiha, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu can Kazaure, inda 'yan Roni da Gwiwa suke da yawa. Malami ya gama darasi, sai ya ce zai tura handawut a gurup. Marubuciya ta gama babi, sai ta saka a WhatsApp. Ɗalibin zaure yana neman sharhin Risala, abokinsa ya tura masa ta Xender suna zaune a kan tabarma ɗaya. Littattafai sun yi yawa fiye da kowane lokaci, amma kaɗan ne suke tsayawa su yi tunanin abin da suke buɗe su da shi. Duk manhajar da ta fara tsalle ta fito idan an danna fayil, ita ce ke nan har abada.

Wannan sakaci yana da tsada. Yana cin data, yana cin caji, yana gajiyar da ido, wani lokaci ma yana tafiya da littafin ɗungurungum.

Kafin a ambaci sunan kowace manhaja, akwai bambancin da ya kamata a fara ganewa, domin duk sauran magana a kansa take tsaye. Manhajojin karatu iri biyu ne. Akwai wadda aikinta kawai ta buɗe littafin da yake cikin wayarka, ba ta sayar maka da komai, ba ta riƙe maka komai. Akwai kuma wadda ita kanta kasuwa ce: a cikinta za ka sayi littafi, a cikinta za ka karanta, kuma ba za ka iya fita da shi ka kai wani wuri ba. Wannan ta biyun, ko da an rubuta maka "ka saya", a gaskiya ta fi kama da tsohon shagon haya. Muddin shagon yana buɗe, littafi yana hannunka. Ranar da mai shago ya rufe, sai ka nemi inda za ka gan shi.

Ba a nesa aka ga haka ba. OkadaBooks, wadda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, ta zama matattarar marubutan Hausa da dama, musamman mata masu rubuta labaran soyayya da zamantakewa, domin a nan suka fara ganin ana biyansu kai tsaye daga masu karatu. A ƙarshen watan Nuwamban 2023 ta rufe. Kafin ita, kamfanin Microsoft da duk ƙarfinsa ya rufe shagon littattafansa a 2019, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗewa, sai kuɗinsu aka mayar musu. Wanda ya ajiye fayil ɗin littafinsa a cikin wayarsa ko a katin memori, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya taɓa shi.

Saboda haka ra'ayina a fili yake. Mai karatu a Babura ya fara da manhajar da take buɗe nasa fayil ba tare da intanet ba, ta zama ita ce gida. Manhajar kasuwa ta biyo baya, a matsayin inda ake zuwa a biya marubuci haƙƙinsa.

Littafinka wane iri ne?

Ɗauki ɗalibar ungozoma da aka tura wa littafin ilimin sassan jiki mai shafi sama da dubu. Ta buɗe a wayarta mai allon da bai kai tafin hannu biyu ba. Rubutun ya yi ƙanana kamar tururuwa, sai ta sa yatsu biyu ta buɗa. Yanzu ta ga rabin layi. Ta ja hagu ta karanta ragowar, ta dawo dama ta kama layi na gaba, ta ɓata, ta sake nema. Kafin ta gama shafi uku idonta ya fara ruwa, ta ajiye wayar tana cewa karatun ne ba ya shiga. Ba karatun ba ne, nau'in fayil ɗin ne bai dace da allon ba.

PDF, wanda kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993, an yi shi ne domin shafi ya fito daidai yadda za a buga shi a takarda. Ba ya lanƙwasa, ba ya bin girman allo. EPUB kuwa, wanda aka tsara a 2007, rubutu ne da yake bin faɗin duk allon da aka buɗe shi a kai. Ka ƙara girman harafi, layukan su sake jeruwa da kansu, ba ja hagu ba ja dama. Littafin hikaya guda a EPUB sau da yawa bai kai megabayit ɗaya ba, alhali littafi mai shafi 300 da aka ɗauki hotonsa shafi-shafi aka mayar PDF yana iya cin megabayit gommai. Ga mai Itel ko Tecno ƙarama da kullum take kukan wuri ya cika, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Shi kansa PDF kala biyu ne. Akwai wanda rubutu ne na gaske a ciki, ana iya neman kalma, ana iya kwafe jimla. Akwai wanda hoto ne zalla, irin handawut ɗin da aka ɗauka da kyamarar waya, da yawancin tsofaffin littattafan Larabci da na ajami da suke yawo. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ka ɗora yatsa a kan kalma ka riƙe. In ta zaɓu, rubutu ne. In ba ta motsa ba, hoto ne, kuma babu manhajar da za ta sake jera maka layukansa cikin sauƙi. Abin da kake nema a nan shi ne manhajar da take yanke farin gefen shafi, rubutun ya cika allon, sannan ka kwantar da wayar a kaikaice.

Sai kuma nau'in da ya fi kowanne yawa a hannun matan gida, wato labaran Hausa da ake turawa a fayil ɗin Word ko TXT. Mafi yawa da WPS Office ake buɗe su, don ita aka saba gani. WPS manhajar ofis ce, an yi ta don rubuta takarda da lissafi, tana da nauyi, kuma ta kyautar tana da talla. Tana buɗe littafi, ba a musa ba, amma ba don karatun dogon labari aka gina ta ba.

Waɗanda suka cancanci a duba

In mutum ɗaya zai tambaye ni, ya ce manhaja ɗaya tak wayarsa za ta ɗauka, ReadEra zan ce masa. Tana buɗe PDF da EPUB da Word da TXT da MOBI da DJVU, ba ta neman rajista, ba ta saka talla, kuma ba ta bukatar intanet. Da ka sauke ta, sai ta bi lungunan wayar ta tattaro duk littafin da yake ciki ta jera. Tana tuna shafin da ka tsaya a kowanne, tana yanke gefen PDF, kuma littafin da aka ɗauki hotonsa shafi biyu a haɗe tana iya raba shi ɗaya-ɗaya. Akwai ta kuɗi mai ƙarin abubuwa, amma ta kyautar ta ishi ɗalibi ta ishi uwargida. Abin da na fi yaba mata shi ne rashin tallan nan. Talla bidiyo ce da hoto, da datarka ake sauko da ita, kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kowane megabayit ya zama abin lissafi.

Moon+ Reader ta masu son gyare-gyare ce. Kalar shafi, tazarar layi, nau'in harafi, yadda shafi yake juyawa, duk a hannunka suke. Ta fi daɗi a EPUB da TXT, sai dai ta kyautar tana da talla, kuma yawan maɓallanta yana iya rikita wanda bai saba ba. Librera ta fi ƙarfi a wajen PDF, tana iya sake jera layukan PDF mai rubutu na gaske su bi allon waya, tana kuma kula da littafin da ake karantawa daga dama zuwa hagu. Lithium ƙarama ce mai sauƙi, amma EPUB kaɗai ta sani, don haka ba za ta wadatar da wanda yawancin kayansa handawut ne ba. Mai iPhone ko iPad yana da Apple Books a cikin na'urarsa tun daga kamfani, tana buɗe EPUB da PDF.

Google Play Books da Kindle ta Amazon suna da wata fa'ida guda: ka ɗora littafinka a kansu, in ka canza waya ka same shi har da shafin da ka tsaya. Amma ɗorawar tana son intanet mai ƙarfi, sayen littafi a Kindle kuma da kuɗin waje ne ta katin banki. Ga mai zama a Kanya ko Insharuwa, inda wani lokaci sai an fita tsakar gida an ɗaga waya kafin saƙo ya tafi, ba su ne na farko ba.

Ɗaliban ilimi suna da tasu hanyar. Manhajar Maktabatus Shamila kyauta ce, tana ɗauke da dubban littattafan Larabci, kuma da yake rubutu ne ba hoto ba, ana iya neman kalma ɗaya a cikin mujalladai masu yawa cikin ƙiftawar ido. Yawancin littattafanta lambar shafinsu tana daidai da bugun takarda, abin da yake da amfani ga mai kafa hujja. Sai dai a riƙa lura, rubutun da aka sake bugawa da hannu ba ya rasa kuskuren harafi ko wasali, shi ya sa malamai suke cewa a koma a duba bugun asali. Wanda yake karatun Iziyya ko Risala gaban malami, ya fi masa alheri ya nemi PDF na bugun da malamin yake riƙe da shi, don in an ce a buɗe shafi kaza ya zama wuri ɗaya ake kallo.

Haruffanmu masu lanƙwasa

Akwai gwajin da babu wani mai sharhin manhajoji a Amurka ko Turai da zai yi maka, sai kai da kanka. Ka buɗe littafin Hausa da aka rubuta da ƙa'ida, ka duba ɓ da ɗ da ƙ. A wasu nau'o'in harafi suna fitowa lafiya. A wasu sai ka ga ɗan akwati ko alamar tambaya a gurbinsu, a wasu kuma su fito amma da wata siffa daban da ta sauran, layi ya yi ta tuntuɓe. Ba laifin marubuci ba ne, nau'in harafin ne ba a zana masa waɗannan ba. Maganin shi ne a shiga saitin manhajar a koma kan harafin wayar na asali, ko a zaɓi irin su Noto, ko Charis da Andika na ƙungiyar SIL, waɗanda aka tsara da harsunan Afirka a zuci. Manhajar da ba ta bari a canza harafi ta rage daraja a wajen mai karatun Hausa.

Wannan ya shafi neman kalma ma. Marubutan intanet da yawa ba sa saka lanƙwasa, wasu suna sa alamar ɗauri kafin harafi ko bayansa. In ka nemi kalma da ƙ ba ka samu ba, ka sake nema da k.

Sauraro kuma, wato manhaja ta karanta maka da murya, abu ne mai kyau ga mai raunin gani da mai aikin hannu. Amma manhajar ba ta da muryar kanta, ta cikin waya take ara. In babu muryar Hausa a wayar, da lafazin Turanci za ta yi ta dukan kalmomin, ba abin da za a fahimta. Ga littafin Turanci dai tana aiki sosai.

Caji, ido da tsaro

Inda wuta ba ta zama, kuma ana biyan mai shago kafin a cika batir, karatu ma yana da kasafi. Hasken allo ne ya fi komai shan caji. Rage shi, ka kashe data gaba ɗaya, za ka ga bambanci. Baƙin shafi mai farin rubutu yana rage cin batir ne kawai a wayoyi masu allon AMOLED, a kan ƙananan wayoyi masu LCD kuwa ba ya rage komai, sai dai ya sauƙaƙa wa ido da dare. Da rana shafi mai ruwan ƙasa-ƙasa ya fi fari tas daɗin kallo.

Sai a yi hattara da manhajar da aka turo ta Xender ko aka samo a wani shafi da sunan wai ta kuɗi ce aka fasa ta zama kyauta. Ba ka san abin da aka cusa a ciki ba, kuma a wayar nan manhajar bankinka take. A sauke daga Play Store. Manhajar karatu izinin ganin fayil kawai take bukata. In ta nemi ganin lambobin mutanenka ko saƙonninka, ka goge ta nan take.

Wani abu da yake cin mutane shi ne barin littafi a cikin WhatsApp. Waya ta cika, a je a share tarkace, littattafan shekara biyu su bi bidiyoyin biki su tafi. A buɗe jaka guda a katin memori a riƙa kwashe su can, a sa musu sunan kirki. Katin yana fita daga tsohuwar waya ya shiga sabuwa da duk abin da yake ciki.

Gidan da yara suke ɗaukar wayar uwa kuwa, ya kamata a san cewa Wattpad, wadda aka kafa a Kanada a 2006, kowa yana iya saka labarinsa a cikinta, ba mai tacewa kafin ya fita. Akwai rubutu mai ma'ana a ciki, akwai wanda uwa ba za ta so 'yarta ta gani ba. Yara suna da nasu wurin: African Storybook na ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu yana da labarai masu hotuna da Hausa, kyauta, ana sauke su a karanta ba data.

Haƙƙin mai alƙalami

A nan ne maganar take da nauyi. Duk wadda take cikin gurup ɗin karatu ta san yadda abin yake tafiya. Marubuciya ta saki shafukan kyauta, labari ya ɗauki zafi, sai ta ce daga nan littafin kuɗi ne, a tura 'yan ɗaruruwan naira a nuna shaidar biya. Kafin kwana biyu wata ta kwashe shi ta watsa, sai ka ga ana rubuta, "Don Allah 'yan'uwa, mai cikakkensa ta taimaka ta turo." Matar da ta kwana tana danna waya da yatsa biyu, bayan ta sallami yara da girki, ta tashi a tutar babu. Wannan ne ya kori marubuta da yawa zuwa manhajojin kasuwa irin su ArewaBooks, inda ake saye da naira a karanta a ciki. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Kullewar da mai karatu yake ƙorafi a kanta, halinmu ne ya jawo ta.

Don haka fifita manhajar da take buɗe fayil ba izini ba ne na tara kayan sata. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta shafi abin da ake yaɗawa ta intanet, kuma tun kafin doka addini ya hana cin gumin wani. Littattafan halal na kyauta suna da yawa. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN ta saka littattafan darussanta a shafinta kowa ya sauke. OpenStax na Jami'ar Rice da ke Amurka yana ba da manyan littattafan kimiyya, lissafi da ilimin sassan jiki kyauta, abin da ɗalibin fasaha da ɗalibar jinya suke bukata ke nan. Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a 1971, yana da tsofaffin littattafai sama da 70,000, kusan duk akwai su a EPUB. Abin da ba na kyauta ba kuwa, a biya. Kuɗin littafin Hausa guda sau da yawa bai kai na datar da ake ƙonawa a bidiyo cikin yini ɗaya ba.

Marubuta da malaman makarantun Babura da Kazaure su ma akwai abin da za su iya yi wa masu karatunsu, kuma ba ya cin ko sisi. Malamin da ya rubuta handawut a kwamfuta, ya tura ainihin fayil ɗin maimakon a buga a takarda, a ɗauki hoto, a sake mayarwa PDF mai duhu da karkata. In ya ga dama ya fitar da shi a EPUB, Google Docs yana yin haka kai tsaye, manhajar kwamfuta ta Calibre ma tana mayar da Word zuwa EPUB kyauta. Marubuciyar da take sayar da littafinta da kanta ta yi haka ita ma, ta sa kowane babi da kansa don a riƙa tsallakawa cikin sauƙi. Kafin a tura wa jama'a, a buɗe shi a ƙaramar waya, ba a babbar ta mai rubutun ba, a kashe data, a ƙara girman harafi, a duba ko ɓ da ɗ da ƙ sun fito daidai.